FILIN MATA: Ranar Da Na Yi Kurme A Bahar Maliya

 Ina ba ku haƙuri, don mako uku ke nan kuna buɗe wannan fili ba ku same ni ba. Waɗansunku sun rubuto suna tambaya ko lafiya, har wata ta ce ko aure aka ɗaura mini ba a aika mata da goro ba. To, lafiyata ƙalau, aure kuwa da sauran lokaci. Tafiya ce ta kama ni. Da aka ba mu dogon hutu sai na tafi ƙasar Masar wurin wana, wanda ke karatu a Alƙahira shi da iyalinsa. A can na yi wani abin da ko a mafarki ban taɓa zaton zan yi ba, watau na goya tulun iska na shiga ƙarƙashin teku, na yi wajen rabin sa'a ina numfashi a tsakiyar kifaye. Tsarabar da na kawo muku ke nan.

Ku fara sanin irin wadda ta yi wannan abu, don kada wata ta ce ai ita dama jaruma ce. Ni haifaffiyar cikin birni ce, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Muna yara, in damina ta yi kududdufin bayan gidanmu ya cika, 'yan'uwanmu maza su kan saci jiki su tafi iyo, su dawo a zane su, gobe su koma. Da haka suka iya. Mu mata kuwa tsoro aka ba mu: akwai 'yan ruwa, akwai mai jan ƙafa, wance ta je ɗiban ruwa ba ta dawo ba. Har na gama makarantar horon malamai, na fara koya wa yara labarin ƙasa, ina zana musu teku a allo da shuɗin alli, ban taɓa sa shi a ido ba.

Abin da na sani game da Bahar Maliya daga bakin kakata na ji shi. Tana yarinya iyayenta suka tafi da ita aikin haji ta ƙasa, yadda mutanenmu su ke yi kafin jirgin sama ya yawaita, watau ta Barno, ta Cadi, ta Sudan, har Sawakin, sa'an nan a shiga jirgin ruwa a ƙetare zuwa Jidda. Ta ce tun da jirgi ya tashi ta cusa kanta cikin zanen uwarta, ba ta ɗago ba sai da aka ce an iso. Kullum in ta gama labarin sai ta ce, "Maliya ba a kallonta, addu'a a ke yi a wuce."

Saura mako guda in dawo, Yaya ya kwashe mu zuwa wani ɗan gari a bakin wannan teku, sunansa Dahab, watau zinariya da Larabci. Garin yana ƙasar Sina'i, a gaɓar wani reshe na Maliya da ya miƙe har Aƙaba. Mun tashi daga Alƙahira da dare a babbar mota, muka bi ta ramin da aka haƙa ƙarƙashin mashigin Suwes, muka isa da hantsi. In kika tsaya bakin ruwa kina hango duwatsun ƙasar Saudiyya a ƙetare. A da ƙauyen masunta ne, yanzu kuwa mutane na zuwa daga ko'ina cikin duniya don yin kurme, gama duwatsun murjani suna nan dab da gaɓa, da ƙafa a ke shiga, ba sai an hau jirgi ba.

Muna zaune muna shan shayi sai ga waɗansu mutane sun fito daga ruwa kamar kwaɗi, kowa da tulu a baya. Yaya ya dube ni ya ce, "Malama, ke da ki ke koya wa 'ya'yan mutane teku, ba kya leƙa ki ga abin da ke ciki?"

Na ce, "Yaya, rufa mini asiri. Ni da ko iyo ban iya ba?"

Matarsa ta ce, "Je ki dai ki ji bayani, ƙanwata, ai jin bayani ba shiga ba ne. Tare za mu."

Na kafa sharaɗi biyu. Na ɗaya, mace ce za ta koya mini. Na biyu, sai na ga irin suturar da a ke sawa. Da muka je gidan da a ke koyar da abin, muka tarar akwai malama mace, Bamisiriya, ba ta girme ni da yawa ba. Ta nuna mini rigar roba mai kauri wadda ke rufe jiki tun daga wuya har idon sawu da wuyan hannu, da hula mai rufe kai da wuya duka, ta ce in na so in ɗora doguwar rigar wanka a kai, muddin ba mai yalwar da za ta sarƙe da kaya ba ce. Hujjata ta ƙare, sai tsoro kaɗai ya rage.

MENE NE SUKUBA?

Turawa suna kiran wannan irin kurme sukuba, watau mutum ya ɗauki iskar da zai shaƙa a jikinsa ya shiga ruwa da ita. Ba daɗaɗɗen abu ba ne. A da masu aiki a ƙarƙashin ruwa galibi sai sun sa wata ƙatuwar hular ƙarfe, ana hura musu iska ta dogon tiyo daga cikin jirgi. A 1943 ne waɗansu Faransawa biyu, Jak Kusto hafsan sojan ruwa da Emil Ganyan injiniya, suka ƙera 'yar na'urar da ke rage ƙarfin iskar tulu, ta ba mutum daidai gwargwadon abin da ya ja. Daga nan abin ya bazu, har ya zama mata da yara 'yan shekara 10 suna koyo.

Kafin a taɓa ruwa sai da aka ba mu takardar tambayoyin lafiya. Kina da asma? Ciwon zuciya? Farfaɗiya? Ciwon kunne? Mura ta toshe miki hanci? Kina da juna biyu? Wadda ta amsa i ga ɗaya daga cikin manyan cututtukan nan sai ta kawo takardar likita. Mai mura sai ta warke. Mai juna biyu kuwa ba ta shiga ko kaɗan. Nan aka bar matar Yaya a baya, don tana da ciki wata huɗu. Ta zauna a inuwa riƙe da mayafina, ita da ta ja ni zuwa wurin.

Sa'an nan aka kawo kaya. Akwai tabarau mai rufe ido da hanci tare. Akwai takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Akwai ɗamara mai ƙullin darma, gama rigar roba tana sa mutum ya taso sama, ga shi kuma Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri: a kowace lita akwai gishiri wajen giram 40, alhali a sauran tekuna wajen 35 ne, don babu wani kogi mai gudu kullum da ke zuba a cikinta, ga zafin rana na shanye ruwan. Ruwa mai gishiri kuwa ya fi ɗaga mutum. Akwai wata falmaran wadda a ke hura wa iska in ana so a taso, a sace iskar in ana so a nutse. A bayan falmaran ɗin a ke ɗaure tulu. Daga tulu tiyo ya fito zuwa abin da a ke kamawa da baki a shaƙa, da wani na biyu saboda ko-ta-kwana, da wani agogo mai nuna sauran iska.

Na ɗauka irin iskar asibiti ce a cikin tulun, wadda a ke sa wa marar lafiya. Malama ta ce a'a, wannan iskar ce da mu ke shaƙa yanzu, an tace ta an danna ta. Tulun lita 12 ne, amma an matsa iska a ciki har ninki 200, watau wajen lita 2,400 ke nan. In allurar agogo ta sauko 50 to ya kamata a ce kin fito. Da aka ɗora mini kayan duka, sun kai kilo 20, na miƙe da ƙyar kamar mai goyon ɗan shekara shida. Malama ta ce in yi haƙuri, da mun shiga ruwa nauyin zai ɓace. Haka kuwa aka yi.

DOKAR DA BA A KARYAWA

Ta zaunar da ni ta ce dokoki suna da yawa, amma uwarsu guda ce: kada ki riƙe numfashi, ko da daƙiƙa ɗaya, musamman in kina tasowa. Bari in yi muku bayanin dalili yadda zan yi wa 'yan ajina.

Kun san in an kifa ƙwarya a kan ruwa, kamar yadda a ke yi wajen kiɗan ƙwarya, iska ta kan tsaya a cikinta. To da za ki iya danna ƙwaryar nan ƙasa har mita 10, watau wajen gaba biyar da rabi, da kin ga ruwa ya hau ya cinye rabinta, don nauyin ruwan da ke sama ya matse iskar ta koma rabi. In kika sako ta sama, iskar ta sake buɗewa ta cika ƙwarya. A kowace mita 10 ruwan teku yana ƙara wa mutum matsi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu a sarari.

Masuntanmu na Kabi, waɗanda ke kurme a bikin kamun kifi na Argungu, su kan riƙe numfashi ba abin da ya same su, don a sama suka cika huhunsu. In sun nutse iskar ta tsuke, in sun taso ta koma yadda ta ke. Mai tulu kuwa a can ƙasa ta ke cika huhunta da matsattsiyar iska. In ta cika shi a mita 10, ta rufe baki ta taso, iskar za ta nemi ta ninka biyu a cikin ƙirjin da ba shi da wurin ƙari. Huhu ya kan yage, kumfa ta shiga jini, abin ya kan kai ga mutuwa. Ko tashin mita 2 da cikakken huhu a rufe yana iya yin ɓarna. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne: ki yi ta shaƙa kina fitarwa, iskar da ta yi yawa za ta fita da kanta.

Doka ta biyu ta kunne ce. Wadda ta taɓa gangarowa daga Jos a mota ta san yadda kunne ke toshewa. A ruwa abin ya fi haka sauri, kuma in an yi gardama dodon kunne na iya fashewa. Sai ki riƙa toshe hanci da yatsu kina hurawa a hankali, ko ki haɗiye yawu, tun kafin ki ji zafi, kowace mita guda. In ya ƙi buɗewa ki ɗan taso ki sake gwadawa.

Doka ta uku, a taso sannu a hankali, kada ki wuce ƙananan kumfar da ke fita daga bakinki. Yawancin iskar da mu ke shaƙa, kashi 78 cikin 100, naitirojin ce, kuma a ƙarƙashin matsi ta kan narke ta shiga jini. In an taso da gaggawa sai ta yi kumfa a cikin jiki, kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya. Wannan ya fi shafar masu zuwa da zurfi su daɗe, amma tun ranar farko a ke koya wa mutum ladabin.

Tun da ba a magana a ruwa, sai da hannu. In kin haɗa babban yatsa da manuni kamar zobe, kin ce lafiya lau. In kin shimfiɗa tafin hannu kina karkaɗa shi, kin ce akwai damuwa, sa'an nan ki nuna inda ta ke. In kin ja hannu a maƙogwaro, iskarki ta ƙare. In kin ɗaga babban yatsa sama kuwa, ba yabo ba ne kamar yadda yaran yanzu ke yi, cewa kika yi mu fita.

Muka shiga inda ruwa ya kawo mini ƙirji, muka durƙusa a kan yashi. Da fuskata ta shiga ruwa, zuciyata ta ce kada ki kuskura ki ja numfashi. Na miƙe zumbur. Sau biyu ina haka. Na uku na daure na ja, sai ga iska busasshiya mai sanyi ta shigo, na fitar, kumfa ta bi ta gefen kunnuwana da ƙara kamar tukunya na tafasa. Daga nan ta koya mini cire abin baki da mayar da shi. Sa'an nan ta koya mini fitar da ruwa daga tabarau: ki danna samansa a goshi, ki ɗaga kai kaɗan, ki hura iska ta hanci, iskar ta kori ruwan ta ƙasa. Na yi sau ɗaya, na yi mata alamar zobe, ni a ganina na iya. Ta girgiza kai ta ce in sake. Na sake. Ta sa na cika shi da ruwa har ido na sake. A raina na ce wannan mata da naci ta ke, lokaci na wucewa ban ga kifi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

ABIN DA NA GANI

Ta riƙe ni a kafaɗa muka bi gangaren yashi sannu sannu. A wajen mita 3 kunnena na hagu ya ƙi, na karkaɗa mata hannu na nuna shi, muka ɗan taso, na haɗiye yawu, na ji ya yi ƙas ya buɗe. Muka ci gaba har mita 7. Mai gwaji na ranar farko ba a wuce mita 12 da ita, mai takardar shaida ta farko kuwa iyakarta mita 18.

Jama'a, gani ya kori ji. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin nauyi. Ba ki taka ƙasa ba, ba ki kuma faɗuwa, kina shawagi kamar shirwa. In kin cika huhu sai ki ɗan tashi, in kin fitar ki ɗan sauka. Kome kuma ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya matso kusa, saboda yadda haske ke karyewa tsakanin ruwa da gilashi. Na duba hannuna, jan lallen da aka sa mini a Alƙahira ya koma wani duhu-duhu, gama ruwa ya kan fara shanye launin ja tun daga wajen mita 5, shuɗi ne ke kai wa ƙasa.

Ga duwatsun murjani kamar gari, waɗansu kamar ƙahon barewa, waɗansu kamar faifai, waɗansu kamar ƙwaƙwalwa. Na daɗe ina zaton murjani dutse ne ko tsiro. Ashe ƙananan dabbobi ne, dubbai, kowace ta gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, 'ya'ya su yi gini a kan na iyaye. Waɗansu irin a shekara guda ba su ƙara fiye da santimita ɗaya ko biyu. Jan murjanin da iyayenmu ke sawa a wuya danginsu ne. Saboda haka ba a taɓawa, ba a takawa, dokar Masar ma ta hana a ɓalle ko a fita da shi. Akwai kuma irin da ke ƙuna kamar wuta in ya taɓa fata.

Kifi kuwa, an ce iri fiye da 1,000 ne a wannan teku. Na ga waɗansu ƙanana masu ruwan goro, ɗaruruwa, suna tashi suna sauka tare kamar jan-baki a gonar gero. Na ga mai baki irin na aku, kore da shuɗi, yana gatsar murjani har ina jin ƙarar haƙoransa. Na ga wani mai dogayen ƙayoyi a baje kamar gashin dawisu, Malama ta ja ni baya, don ƙayar tana da dafi. Babu wanda ya kula da ni. Kowa sha'anin gabansa ya ke yi, kamar kasuwa ranar cinta.

INDA NA KUSA YIN WAUTA

Akwai wani ɗan kifi da bai fi yatsana ba, yana zaune cikin wani abu mai laushi kamar tulin taliya. Da muka matso sai ya fito ya tsaya a gaban tabarauna yana ƙoƙarin korata daga ƙofar gidansa, kamar kaza mai 'ya'ya. Dariya ta kama ni. Ashe in mutum ya yi dariya kumatu su kan tattare, gefen tabarau ya ɗaga. Nan take ruwa ya kwararo ciki, ya shiga hancina, gishiri ya cika mini ido da raɗaɗi.

Ba zan ɓoye muku ba, duk abin da aka koya mini ya gudu. Na rufe ido, na ƙame numfashi, na fara wutsil-wutsil da ƙafa ina neman sama. Abin da aka ce kada in yi, shi na kama yi, a mita 7, huhuna cike.

Sai na ji an riƙe gaban falmaran ɗina gam. Na buɗe ido ɗaya da ƙyar, na ga fuskar Malama dab da tawa. Ba ta girgiza ni ba, ba ta nuna firgita ba. Ta nuna idanunta da yatsu biyu, watau dube ni. Ta kai hannu bakinta ta janye shi a hankali tana fitar da kumfa, ta sake, ta sake. Na fitar. Na ja. Na fitar. Iska tana nan, ba ta taɓa yankewa ba, ni ce na rufe mata ƙofa. Sa'an nan ta dafa goshinta da yatsu. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya danna saman tabarau, kaina ya ɗaga, hancina ya hura. Ruwa ya fita. Abin nan da ta sa na yi ta maimaitawa ina ƙunƙuni, shi ne ya zo da kansa sa'ad da hankalina ya tafi.

Ta yi mini alamar zobe, tana tambaya. Ta kuma ɗaga babban yatsa, ko in fita? Na tsaya na ja numfashi biyar ina ƙirgawa, na mayar mata da zobe. Muka ƙara minti 10, muka tsaya minti 3 a mita 5 kamar yadda a ke yi, muka fito. Ina fitowa gwiwoyina suka ƙi ɗaukata. Matar Yaya ta rufa mini mayafi tana cewa, "Sannu, ƙanwata, sannu. Me ya sa ki kuka?" Na ce gishiri ne.

Da daddare na kasa barci, ina tuna wata yarinya a ajina wadda in na kira ta gaban allo sai ta ƙame, ko sunanta ba ta iya faɗi. Na sha daka mata tsawa. Ranar nan na ɗanɗana abin da ta ke ji, na kuma ga abin da ke warware shi. Mai firgita ba ta jin sabon bayani. Abin da jikinta ya riga ya saba da shi tun hankali na kwance, shi kaɗai ke amsa mata. Ba a fafa gora ranar tafiya.

GA MAI NIYYA

Na san ba kowa ce za ta je Dahab ba, amma da yawa yanzu suna fita karatu ko ziyara ƙasashen da ke bakin teku. Wadda ta samu hali ta ga tana so, ga shawarata.

Na ɗaya, kada ki bi wani don kawai yana da kaya. Ki nemi malama ko malami mai takardar shaidar koyarwa daga sananniyar ƙungiya irin su PADI, ki ce a nuna miki. Na biyu, ki faɗi gaskiya a takardar lafiya, kunya ba ta da wuri a nan. Na uku, in ba a fara da ke a ruwa marar zurfi an koya miki abubuwan nan ba, ki ce kin fasa. Na huɗu, ki sani kina da ikon ɗaga babban yatsa ko yaushe, ba wanda zai tambaye ki dalili. Na biyar, kada ki hau jirgin sama sai bayan sa'a 12 aƙalla in sau ɗaya kika shiga, in kuwa kin yi ta shiga, sa'a 18. Na shida, gwaji na rana guda bai mai da ke gwana ba. Mai son takardar shaida sai ta yi kwanaki tana koyo, ta iya iyo na mita 200, ta kuma iya tsayawa bisa ruwa minti 10. A arewa da Dahab akwai wani rami a cikin teku mai zurfin fiye da mita 100, wanda ya ci mutane da yawa, galibinsu kuwa waɗanda suka iya ne suka wuce iyakarsu.

Saura magana guda, wadda ta shafi kowace uwa ko ba za ta taɓa ganin teku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma yara ƙanana suna da yawa a cikinsu. A watan Nuwamba na shekarar 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, galibinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. 'Ya'yanmu mata su ke zuwa rafi wanki da ɗiban ruwa, su ke hawa kwalekwale zuwa kasuwa da biki, amma abin da mu ke ba su guzuri shi ne labarin 'yan ruwa. Ni an ba ni wannan guzuri shekara ashirin da 'yan kai, ranar da ruwa ya shiga hancina bai amfane ni da kome ba. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Inda akwai mace da ta iya, a samu wuri mai sutura marar zurfi ta koya wa 'yan mata. In za a hau kwalekwale a nemi rigar ruwa, in an ga ya cika a jira na baya. Ni dai na riga na sami wadda za ta koya mini iyo ranar Asabar, ina fara wa daga inda ƙafa ke taɓa ƙasa.

Da na dawo gida na je gai da kakata, na ce, "Hajiya, na kalli Maliya, har cikinta na shiga." Ta yi salati ta ce, "Ke kishiya, Allah ya shirye ki, uban wa ya aike ki?" Ta yi shiru, can sai ta gyara zama ta ce, "To me ke ciki?" Sau uku ina ba ta labarin kifin nan mai kora ta daga ƙofar gidansa.

Wadda ta iya iyo a cikinku ta rubuto ta gaya mana wanda ya koya mata da yadda aka yi, don sauran su amfana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar abincin yara 'yan makaranta da muka bari. Haza wasalam.

Taku,
Malamar Filin Mata